Ku Zo Ku Ƙwanƙwasa

Innata ba ta sayen tulu da ido.
Ko na Mirya ne, ko mai ginin ta rantse,
sai ta lanƙwashe yatsa ta ƙwanƙwasa gindinsa,
ta kara kunne.
In ya yi ƙara garau, ta kwance bakin zane.
In ya amsa a dakushe, ta ajiye, ba ta ce uffan ba.

Ni ma na gina nawa.
Wata goma sha ɗaya a soron gidanmu na Garin Malam,
ina jiran kuran
kamar yadda unguwa ke jiran famfo ya yi tari.
Manhajar rubutu ce: ka faɗa, ta rubuta.
In rezo ya gudu, ta riƙe maka zancenka
har ya ga damar dawowa.
Na ƙara mata sababbin hannuwa uku,
kuma ban yarda da ko ɗaya ba.

Shi ya sa nake kiranku, mutanen Damagaram.
Ba biki ba ne. Tulun bai gama shan wuta ba.

Mutari, kai da ke tura garuwa daga Karkada,
zo ka faɗa mata bashin da kake bin gidaje.
Ran Talata ta cinye maka sifiri ɗaya,
jaka biyar ta koma dala ɗari,
ka zage ni har kakata.
Na gode. Na gyara. Dawo ka sake.

Mushe Kiyari, mai jan bik na lakwal ɗin Birni,
na san ba ka yafe wa ƙugiya.
Ka ce ƙasa, ta rubuta kasa,
ka ce ɓari, ta ce maka bari,
ka cire tabarau ka dube ni
yadda ka dube ni ina ’yar shekara tara.
Wannan kallon nake nema.

Cima mai alkaki, wadda ba ta yi boko ba,
ke ce kan gaba.
In yatsanki ya ɓata a hanya,
ba yatsan ne da laifi ba, hanyar ce.
Nuna mini inda kika tsaya,
inda kika ji kunyar tambaya.
Nan zan rushe in sake gini.

Abu ɗaya nake roƙo:
kada ku ce mini madalla.
Madalla na da ita cike da buhu,
ƙannena sun ba ni, kawuna ya ƙara,
ba ta taɓa toshe yoyo ko ɗaya ba.
Ku danna inda ban ce a danna ba.
Ku yi mata magana cikin hayaniyar kabu-kabu,
da bakin Zango, da bakin ƙauye,
da goro a kunci.
Ku kashe waya tana tsakiyar aiki.
In ta faɗi, ku lura da ƙafar da ta fara zamewa.

Ba ni da ladan biya.
Akwai shayi, akwai tabarma biyu,
akwai kaye sabo da na rubuta wa suna: Laifuffuka.
Asabar bayan la’asar,
gindin bedin da ke bayan Kasuwar Dole,
kusa da mai gyaran rediyo.
Ku tambayi Barira.
Wanda wayarsa ta tsufa ya fi kowa daraja a wurina,
wanda fuskar tasa ta tsage ya zauna kusa da ni.

Jiya da dare na miƙa wa Inna.
Ta juya wayar, ta duba bayanta,
ta lanƙwashe yatsa ta ƙwanƙwasa sau biyu,
ta kara kunne, ta daɗe.
Ta miƙo mini.
Ba ta kwance bakin zane ba.
Ta dai ce, “Asabar ɗin, ƙarfe nawa?”