Ganga da Tukunya

Yila ya dawo Kaltungo da kaka,
tafin hannunsa duk kanta,
ƙarƙashin farcensa wani ja mai duhu
da sabulu ya gaza fitarwa.
Shekara shida yana tsinkar inabi a Sifen.
Ni kuwa ina inda ya bar ni,
bakin tasha, da robobin zoɓo cikin ƙanƙara.

Ya zauna kan turmi yana kallon tukunyata.
Ya ce, Laraba, aikinki
shi tsoho Ansalmo yake yi a can,
sai dai shi ganga, ke tukunya.
Na ce kar ka haɗa ni da mai giya,
ni da nake jan waƙa a zumuntar mata.
Ya yi dariya har da tari.

Ya ce inabin ba ɗaya ba ne.
Akwai Tamfaraniyo mai sammakon nuna,
shi ne babban wa, shi ke ɗaukar kayan gida,
amma shi kaɗai bakinsa nauyi gare shi
kamar Kawu Lamela a wurin biki.
Sai a kawo Garnaca, 'yar rana,
mai zaƙi da zafin jini,
ta tsokane shi har ya yi magana.
Garasiyano gonarsa rowa gare ta,
kaɗan ake samu, kaɗan ake zubawa,
ƙamshi ya tashi kamar an buɗe taga bayan ruwan fari.
Mazuwelo ba shi da fara'a,
bauri ne da launi,
amma shi ke riƙe sauran in shekaru sun miƙa.

Sai a rufe su cikin gangar itace a ɗakin ƙasa,
inda sanyi yake kamar bakin rijiya da asuba.
Shekara guda, biyu, wani ma fiye.
Tsohon yakan sauka da 'yar fitila,
ya ɗiba, ya shinshina, ya kurkura, ya tofar,
ya ce, tukuna,
har yanzu faɗa suke yi.

Nan na ajiye ludayi,
don na san wannan faɗan.
Citta in ta samu wuri takan danne kowa.
Kanumfari uku ne, na huɗu neman rigima.
Ɓawon abarba sai ya kwana
kafin ya yarda ya saki abin da ke cikinsa.
Ba da ma'auni na koya ba,
Inna ce ta make mini hannu
ranar da na cika masoro.

Na ce, to kai wanne ne a cikin gangar?
Ya daɗe yana duban Dutsen Kilang.
Ya ce, mu masu kwando,
ni da Balarabe ɗan Maroko da wasu 'yan Sanigal biyu,
ba a rubuta mu a jikin kwalba.
Sunan inabi, sunan gari, shekara. Shi ke nan.
Amma in ka san inda za ka sa hanci
akwai gumi a ciki.

Na tace, na tsiyaya masa a kofin silba.
Ya ɗaga shi wajen haske,
ya juya, ya shinshina, ya kurɓa,
ya ce, tukuna.

Na ce, ɗan'uwa, wannan ba ɗakin ƙasa ba ne.
Ga motar Yola can ta tsaya.
Ɗauki bokiti.