Farashin Da Ya Zame

A Farin Gada rumfata take,
layin 'yan kabeji, daura da famfon da ya daina zuba.
Shekara sha tara ina ciniki da fatar baki,
lissafi a ka, canji a bakin zane.
Sai manajan wani otel ya ce,
"Lantana, kayanki sun yi,
amma mu a rubuce muke saye,
kowane kaya da kuɗinsa, a farar takarda."

Daren nan na duƙunƙune cikin bargo da waya,
sanyin Jos na cizon yatsu.
Na ja layi, na yanka ɗakuna,
karas da ɗakinsa, latas da nasa,
dankalin Bokkos a sama don shi ne babba.
Na kaurara sunana har ya yi ƙiba.
Sai da caji ya koma ja na kwanta,
ina jin kaina kamar akawu.

Da safe na hau keke zuwa Taminus,
shagon wata yarinya, Nanret,
janareta na tari a bakin ƙofa.
Na tura mata. Firinta ta yi nishi
ta turo takarda da ɗuminta kamar waina.

Wayyo.
Katangu sun rushe cikin dare.
Buhun dankali ya ɗauki kuɗin ƙullin latas,
kokwamba ta haye kan tattasai,
koren wake ya faɗa shafi na biyu shi kaɗai,
sunana ya rabe gida biyu,
Lan a sama, tana a ƙasa.
Da na miƙa wannan,
da na sayar da gona a kuɗin goro.

Nanret ta danne dariya da bayan hannu.
"Mama, rubutunki ruwa ne har yanzu.
Kowace na'ura da irin ƙwaryarta,
inda aka zuba shi, nan yake bi.
Sai kin daskarar da shi tun a wayarki."

Ta matso da kujera, ba ta karɓe wayar ba.
Ɗigo uku a kusurwar sama, ta ce taɓa.
Na taɓa.
Nemi wajen ajiyewa, zaɓi Fi-Di-Ef.
Na ce fi me?
Ta ce haruffa uku ne kawai, ba sa cizo.
Duba girman takarda,
buɗe ki gani da idonki kafin ki tura.

Na buɗe.
Ga dankali a kujerarsa,
ga latas ta koma ɗakinta,
ga sunana a haɗe, ba tsaga.
Na ja da yatsa, ya ƙi motsi,
kamar siminti ya kwana.

Takardar ta fito yadda na haife ta.
Na biya, na ƙara mata karas uku daga jaka,
na sa ta a ambulan, na rungume.

Ban kai bakin titi ba waya ta yi ƙara.
Tanimu ne, daga tasha:
mota ta kafe a hanya, ruwa ya ci gada,
buhu ya ƙara dubu huɗu tun asuba.

Na tsaya ina kallon ambulan.
Takarda ta daskare,
kasuwa kuwa ba ta san sanyi ba.

Na juya.
Nanret ta ɗago kai, ta miƙo hannu.
Na ce a'a, 'yata, zauna.
Na buɗe na ruwan, wanda na bari a waya,
na goge lamba, na sa sabuwa,
na laluba kusurwar sama da babban yatsa,
wanda ƙasar dankali ba ta fita a farcensa.

Ɗigo uku.
Wannan karon ban tambayi kowa ba.