Faranti na Goma Sha Bakwai

Ƙarfe biyu na dare a Kuseri.
Injin wuta ya yi tari sau uku ya mutu,
Hamajoda ya fita da cocila yana tsine wa mai sayar da man.
Aka bar ni da farantin da na shuka jiya.
Kore shar na ajiye shi, yanzu ga ɗigo-ɗigo rawaya
kamar an zubar da tsabar masara a kan ciyawa.
A gefensa rubutuna ne:
Alifa, shekara tara, unguwar masunta.

A cikin Logon wannan ƙwaya ba ta da abokin faɗa.
Tana manne a bayan ƙananan ƙwarin ruwa
tana gaigayar ɓawonsu, zaman haya take yi.
Littafin gadonta a naɗe yake, zobe biyu,
shafin dafi a rufe,
mai gadi ya miƙe ƙafa a kan layin farko,
mai karatu in ya zo sai ya juya.

Sai yaro ya sunkuya daga kwalekwalen ubansa
ya kamfaci ruwa da tafin hannu.

Ciki akwai ɗumi. Akwai ɗacin matsarmama.
Wani ɗan tsaron ƙofa a fatarta ya ɗanɗana,
ya zunguri na kusa da shi,
na kusa ya tashi na cikin gida,
na cikin gida ya zo ya ture mai gadin nan.
Aka buɗe shafi, aka hau kwafa ba hutawa.
Kafin la'asar hanji ya manta da aikinsa,
yana ta tsiyaya kamar tulun da ya tsage,
ruwa fari, irin na wankin shinkafa.

Shafin dafin ma ba da shi aka haife ta ba.
Wata da ta fi ta ƙanƙanta ce ta shige ta tun zamanin da,
baƙuwar da ta kwana ta ƙi tafiya,
ta ɗinke zanenta a jikin na uwar gida.

Kuma suna ƙirga kansu.
Kowace na sakin ɗan ƙamshi,
in ya yi kauri sun san kasuwa ta cika,
sai su rufe shafin, su saki bangon hanji,
su bi ruwa su fita neman wata rijiya.
Ba baki, ba kunne, amma shawara ta zauna.
Mu shekaranjiya awa huɗu muka yi a ofishin lafiya
ba mu tsayar da wanda zai sayo maganin rijiya ba.

Na jera magani shida a wani farantin.
Biyu kaɗai suka share fili a kewayensu.
Sauran huɗun, ta yi tsiro har bakin ƙofarsu.
Wa ya koya mata?
Da rana ina ganin mata a gadar Ngeli,
wannan ta miƙa wa waccan ƙulli ba tare da sun tsaya ba.
Haka ƙwaya ke miƙa wa ƙwaya ɗan zoben laƙani,
ko ba dangin iya, ko ba na baba,
kuma babu ɗan kwastan a tsakani.

Ƙwanƙwasa taga. Fanne ce, uwarsa,
da bokitin ruwan gishiri da sukari a hannu.
Ta ce, me kuka gani?
Na rasa ta inda zan fara mata.
Ta ce, ya buɗe ido, wai kifi yake so.

Na ce a ci gaba da ba shi, kofi bayan kofi,
kifin ya jira gobe.

Can baya injin ya kama.
Na ɗauki alƙalami na cika takardar Marwa,
na jawo faranti na goma sha takwas.