Ɗinkin Baya

Ni ce Tabawa ta Rafindadi,
mai ɗinkin hula a bakin zaure.
Allurata ba ta san tsallake ba
ko da fitilar ƙwai nake aiki,
sai ga ɗinkin cikina ya bar ƙofa a baya.

Tun ina 'yar sha uku take kayar da ni.
Ga tabon murhu nan a damtsena,
ranar da na farka na ga tuwo a ƙasa,
harshena jina-jina,
yara na leƙe ta katanga: "Farfaɗiya!"

Sai aka samo mini ƙwaya,
ɗaya da safe, ɗaya bayan lisha.
Shekara tara ban faɗi ba.
Na je kasuwa ni kaɗai, na ja guga a rijiya.

Da ciki ya zo, na ci gaba da sha.
Yaron kemis na Ƙofar Marusa
ya ƙirga mini canji daidai,
bai dubi zanena da ya ɗage ba,
ni kuma ban san akwai abin tambaya.

Daren Laraba na sauka.
Ungozoma ta juya shi, ta yi shiru.
Can ƙasan gadon bayansa, ƙullutu
kamar nunannen tumatir.
Ta ce, "Asibiti za mu, maza a shirya."

Gwaggo Kuluwa ta ce na bi gindin tsamiya.

Likita ta karɓi kwalin, ta karanta,
ta ce, "Wani maganin kan taɓa ɗan tayi
tun uwa ba ta lura da ɓatan wata ba.
Amma kada ki yar da shi da kanki,
faɗuwarki faɗuwar mutum biyu ce.
In za ki sake, zo tukuna mu sauya hanya."

Na riƙe kwalin, na rasa me zan ce masa.
Shi ya raba ni da wuta.
Ga zuma ga harbi, a ƙoƙo ɗaya.

An ɗinke Nafi'u a kwana na biyu.
Na duba da idon sana'a: hannun ya iya.

Yanzu ƙafarsa ta hagu ba ta jin tsunguli,
ta dama kuwa tana shure mini zare.
Ban san ko zai taka ba.
Yana jan ciki zuwa kwandon huluna, yana dariya.

Jiya aka sa ranar ƙanwata Hanne,
mai shan irin ƙwayata.
Na ce ta ajiye zancen lefe,
gobe da sassafe, kwalinta a hannu,
ni da ita da Nafi'u a baya.