Taga a Bango

Oulu, ƙarfe uku na yamma, rana ta riga ta tafi.
Tuulikki ta kakkaɓe ƙanƙarar takalminta,
ta sauka ɗakin ƙasa inda fankoki ke gunaguni.

Akwatin ƙarfe ɗaya ne a kan kanta,
amma 'yan haya biyu ke ciki:
kwamfutoci biyu marasa gangar jiki,
kowacce na zaton gidan nata ne ita kaɗai.
Bango ɗaya ya raba su, ba su taɓa gaisawa ba.

Da can, in ta hagu za ta aika wa ta dama saƙo,
sai ƙunshin ya fita ƙofa kamar mai shirin ƙetare teku,
a kwafe shi, a duba adireshi, a sake kwafewa,
mai gadi ya buga hatimi,
sannan ya shigo ɗakin da ke jikin nasu.
Zagaye gari don zuwa bayan ɗaki.

Sai Tuulikki ta huda taga a bangon.
Ta ware musu fili guda a ƙwaƙwalwar akwatin,
gurabe ɗari biyu da hamsin da shida, an lanƙwasa su zobe.
Wannan ta ajiye, waccan ta ɗauka,
in an kai ƙarshe a faɗa farko.
Ba kwafi, ba hatimi.

Amma "ya yi sauri" zancen baki ne.
Sai an ɗora a sikeli.
Ta yanka sakan ɗaya gida miliyan,
ta saki ƙunshi miliyan goma, ƙanana kamar ƙwayar gero.
Tsohuwar hanya na cin gida arba'in.
Tagar ta ci huɗu.

Sampsa ya leƙo, hularsa a kai, makullin keke a hannu:
"Huɗu! Rubuta mu tashi."

Ba ta rubuta ba.
Matsakaici maƙaryaci ne mai ladabi,
yakan share tsakar ɗaki ya tura dattin ƙarƙashin gado.
Ita wutsiyar zanen take kallo,
can ƙurya, inda ɗigo-ɗigo suka ware:
cikin kowane dubu akwai guda
da ya ci gida ɗari tara.
Ina ya tsaya, alhali ba hanya?

Sai wajen tara ta kama zaren.
Bai tsaya ko'ina ba.
Ya iso tuni, yana kwance a bakin taga,
mai ɗauka ce ta gaji da jira ta yi gyangyaɗi,
sai an kaɗa mata ƙararrawa, ta miƙe, ta murza ido.

To, a hana ta barci.
Aka hana.
Wutsiya ta guntule, zane ya yi sumul,
amma ga zuciyar injin ɗaya tana ci ɗari bisa ɗari,
tana tambayar tagar da ba kowa:
akwai? babu. akwai? babu.
Sau miliyan kafin ka ƙifta.
Fanka ta ɗaga murya.

Ta rubuta lamba biyu, ba ɗaya ba:
abin da barci ke ci,
da abin da ido biyu ke ci.

A gida fitilar kicin kawai ke kunne.
Aulis ya fita da motar ture ƙanƙara, sai asuba.
Ga takardarsa a kan tebur, gishiri ya danne ta:
"Miyar kifi na firij. Famfo ya daina ɗiga."
Ya sa lokaci, halinsa ne: shida saura kwata.
Ta dubi agogo. Sha ɗaya.
Awa biyar da kwata,
a teburin da su biyu ke ci.

Ta juya takardar za ta ba da amsa,
sai ta ajiye biro.
Ta ɗora ruwan shayi, ta jawo kujera kusa da ƙofa.
Can waje wani ƙarfe na kankare titi.
Ta kasa kunne.
Akwai?
Ba shi ba ne tukuna.