Taswirar Hylke

Ƙasarmu ba ta da tudu ko na rantsuwa,
shimfiɗe take kamar an bi ta da dutsen guga.
Na fito da keken Hylke raɓa ba ta bushe ba.
Sirdin ya fi ƙarfin tsayina,
na kwance noti na sauke shi yatsa uku.
Yau ne na fara taɓa kayan yayana ban nemi izini ba.

Taswirarsa na aljihuna, ninki ya cinye mata gaɓoɓi.
Ya ja layi da fensir ta ƙauye bakwai,
a gefe ya rubuta da ƙaramin hannunsa:
nan iska take fara neman mutum da faɗa.

Bai yi ƙarya ba.
A Firislan iska ce hawanmu.
Tana tasowa daga teku ba abin da ya tare ta,
ta dafe min goshi kamar mai bin bashi.
Ina taka feda, hanya na tsaye,
hasumiyar da na hango tun ɗazu ta ƙi matsowa.

Hagu ruwa, dama ruwa,
lambatu miƙaƙƙu kamar tsagar kitso,
iwa na sunkuyawa tana tashi.
Zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya, bai ɗauke ni komai ba.
Shanu masu dabbare-dabbare suna tuƙa,
ƙasan da suke kai ta fi teku zurfi,
ba wanda ya gaya musu.

Ƙauye na uku yana kan ɗan tsibi.
Kakanninmu suka tara shi da laka da kashin shanu,
kwando bayan kwando,
don in ruwa ya zo da dare ya tarar da su a sama.
Coci a tsakiya, bulonta ya yi jan tsufa,
duwatsun kabari sun karkace suna raɗa da juna.
Nan tayar baya ta saki numfashi.

Wopke mai faci bai ko dube ni ba, keken ya duba.
Ya shafa tabon da ke jikin ƙahon.
Ya ce, ina mai shi?
Na ce, tun watan Maris.
Ya tsoma tub cikin bokiti yana juya shi a hankali
har kumfa ta tona inda ciwon yake.
Da ya gama ya share hannu a wando,
ya ce, akwai na bara, bai biya ba.
Na ƙirga masa na faci biyu.
Ya karɓa, bai rage ko sisi ba,
na kuwa ji daɗin hakan.

Bayan ƙauye na biyar hanya ta mutu a bakin kogi.
Layin fensir ya tsallake abinsa, ko jiƙewa bai yi ba.
Jirgin fito na ɗaure a wancan ƙetare,
an lulluɓe shi da tamfol, lokacinsa ya wuce.
Akwai ƙararrawa a jikin turke.
Na kaɗa ta sau biyu.
Agwagi ne kawai suka amsa.

Na zauna kan ganuwar ruwa na ci burodi da cuku,
ina kallon rufin ƙauye na shida,
kusa har ina jin haushin karensu.
Na bakwai ban ma hango shi ba.

Da na juya kan keke
iskar nan ta sa min tafi a gadon baya.
Sarƙa ta yi shiru, ƙafata ta huta,
shingaye na wucewa kamar ana zare su.
Haka yake tura ni ina 'yar shekara shida,
yana gudu yana cewa, ban saki ba, Tjitske, ban saki ba,
alhali ya daɗe da saki.