Tawada a Wuyan Hannu

Ina da sha tara, kai ashirin,
a shekarar da soja ke kulle gari tun ƙarfe takwas.
A bayan shagon wani tela a Fagge
muka koyi juya injin buga takarda.
Kai ke murzawa,
ni ke shimfiɗa su a ƙasa su sha iska.

Kwamared Sammani yana karanto mana
yadda leburorin Bompai za su tsinke sarƙa.
Ya ce a duniyar da ke tafe babu nawa, babu naka,
babu asiri tsakanin 'yan gwagwarmaya.
Na sunkuyar da kai.
Ina da abu guda da ban shirya rabawa ba,
ga shi can gefen fitila
yana goge yatsu a jikin wandonsa.

Garzali,
ka tuna daren da dokar ta rutsa da mu?
Motar sintiri ta wuce sau uku.
Muka kashe aci-bal-bal, muka raba gurasa ɗaya,
ka bar mini ɓangaren da ya fi ƙuli.
Da kare ya yi haushi na zabura,
ka riƙe wuyan hannuna,
kare ya yi shiru, kai ba ka saki ba.
Da asuba na ga babban yatsanka a fatata,
baƙi ƙirin, kowane layi ya fito.
Kwana uku ina jan hannun riga,
Inna ta ɗauka ƙuna ce.

Sai ranar taro.
Aka tsayar da Mudi a tsakiya,
wai an gan shi, wai an ji.
Sammani ya ce wannan ciwon masu kuɗi ne,
ba ya kama talaka.
Masu goyon bayan a kore shi?
Hannaye suka tashi kamar karan dawa.
Na dube ka. Naka yana sama.
Na ɗaga nawa,
wancan mai tambarin.
A ranar na girma, in dai girman ke nan.
Mudi ya manta takalminsa a bakin ƙofa,
babu wanda ya bi shi da shi.

Da suka kama ka da takardu a cikin buhun gawayi
na kai maka tuwo Goron Dutse.
Gandiroba ya caccaka shi da tsinke
ya ce, mene ne naka?
Na lalubi Hausa daga Dala har Ƙofar Nasarawa
ban sami kalmar da za ta fito da ni da rai ba.
Na ce, abokina ne.
Ya rubuta. Layi ɗaya ya ishe shi.

Soja sun tafi, sun dawo, sun sake tafiya.
Sammani ya yi tumbi, yana da direba.
Kai kana auna shadda a Kantin Kwari,
furfura ta ci gemunka,
ɗanka na fari ya fi ka tsayi.

Nakan biyo duk jajibirin salla
in taya yadi biyar da ba na bukata.
Mu gaisa. Ina iyali, ina kasuwa.
Ka ba ni hannu irin na kowa,
sai dai babban yatsan nan
har yau ya san hanya.

Jiya ka ce, ko ka ji labarin Mudi?
Na ce a'a.
Ka ninke shaddar, ka sake warwarewa,
ka ce almakashin ya dakushe,
in dawo gobe.